Sawun Yatsa a Hoton Alhaji Sammani

Da hantsi ne, ranar Laraba. Ruwan da aka kwana ana yi ya ɗauke, amma hadari bai watse ba, gari ya yi luf, ƙasa ta yi taushi irin yadda mai bin sawu yake so. Malam Sallau yana ƙofar gidansa a Fagge yana ba akuyoyinsa dusa, sai ga ɗan acaɓa ya ci burki a gabansa, ya ce Alhaji Sammani mai shadda yana nemansa a Kantin Kwari yanzu-yanzu.

Malam Sallau bai yi gaggawa ba. Ya wanke hannu, ya ɗauki hularsa da sandarsa. Mutumin ƙasar Rano ne, a can ya koyi bin sawun shanun sata a wajen mahaifinsa, da girma ya kama shi ya dawo birni kusa da 'ya'yansa. Amma sana'ar ba ta sake shi ba. In dilar yadi ta ɓata a Kwari, ko aka fasa shago, kafin a tafi caji ofis sai ka ji an ce a kira Malam Sallau ya duba ƙasa tukuna.

A shekarar ne soja suka koma bariki suka bar wa farar hula mulki, kowa kuwa ya tashi da son zaɓe. Har 'yan layin shadda sun ce su ma an daina naɗi, ranar Asabar ƙuri'a za a jefa a fitar da shugaban layi. Mutum biyu suka tsaya, Alhaji Sammani da Alhaji Inusa.

A bakin layin ya tarar da jama'a sun yi cincirindo. An manna hoto mai launi a jikin bango. Alhaji Sammani ne a ciki, zaune cikin shuɗiyar shadda, hannunsa na dama a kan tebur, ga kwalbar giya a jikin hannun, a bayansa fitilu ja da kore na wani otal.

"Malam Sallau, dubi abin da aka yi mini," in ji Alhaji Sammani. "Ni da ko lemon kwalba ba na sha saboda ciwon sukari!"

Malam Sallau ya sunkuya ya dubi ƙasa. Ƙafa ɗari ta taka wurin. Ya girgiza kai.

"Alhaji, da ni aka fara kira kafin a kira gari, da na gaya maka wani abu."

"Ba sai ka wahala ba, na san wadda ta yi. Yarinyar nan ce ta shagon hoton Ambrose a Sabon Gari. Ita ta yi mini fastar zaɓe da kwamfuta, kuma wannan zaman da wannan rigar, su ne na cikin fastar. Na ce ta ɗan haska fuskata ta rage mini tumbi, ta ce wai in ta yi haka masu ƙuri'a ba za su gane ni ba. Na yi mata faɗa a gaban mutane. To ga ramuwar."

"Ka ga lokacin da ta yi?"

"Duk Kano wa ya iya haɗa hoto in ba ita ba? Ka ji ni, Malam. Darajarka ce ta sa zan jira zuwa la'asar. In ba ka kawo mini wani ba, 'yan sanda zan kai mata."

Malam Sallau ya sa hannu ya ɓamɓare hoton a hankali, ya naɗe ya sa a aljihun riga. Kusurwa ɗaya dama a yage take. A gindin bangon, inda jama'a ba su taka ba, ya ga sawun takalmi sau-ciki, dunduniyar hagu ta cinye. Ya bi shi ta cikin caɓi, sawun bai tsaya ko'ina ba sai ƙofar shagon Alhaji Inusa.

Ya tarar da shi yana karyawa da ƙosai da koko. Alhaji Inusa ya dubi takalminsa, ya dubi Malam Sallau, ya yi dariya.

"Nawa ne, ba musu. Ni na fara gani da na fito da sassafe. Ba zan ɓoye maka ba, na yi dariya, don yadda ya hakimce a gaban kwalbar nan kamar gadonsa ce. Amma daga baya na sa farce zan cire, sai mutane suka fara zuwa, na ce in aka gan ni a jikinsa za a ce ni na manna. Malam, ɗaki ɗaya muka kwana da Sammani a Makka. In zan kayar da shi, da ƙuri'a zan kayar da shi."

Malam Sallau ya dubi farcensa, ya ga guntun takarda a maƙale. Ya karɓi ƙosai ɗaya ya yi sallama.

*

Da ƙafa ya nufi Sabon Gari, don ya fi yin tunani in yana tafiya. A gefen titi, kafin a fita daga Fagge, akwai rumfar Nasidi mai fenti, magidanci mai shiru-shiru, wanda rabin allunan shagunan unguwar aikinsa ne. Malam Sallau bai taɓa wucewa bai tsaya ba. Ranar wani allon gidan abinci yake yi, da faɗuwar rana a bayan rubutun. Ya ajiye buroshi, ya sa babban yatsansa yana jan ja yana shigar da shi cikin ruwan ɗorawa, ja mai tsawo, mai lanƙwasa kamar lauje, har ka rasa inda wannan launi ya ƙare wancan ya fara.

"Allah ya yi maka hannu, Nasidi."

"Sannu Baba. Ina zuwa da caɓin nan?"

"Shagon Ambrose. Alhaji Sammani zai kai wa yarinyar nan 'yan sanda a kan hoton da aka manna."

Yatsan Nasidi ya tsaya a kan allon. Ya ce, "Keziah? Allah ya kyauta." Ya ci gaba da aikinsa.

*

A ƙofar shagon Ambrose wasu samarin kasuwa suna zaune a kan baburansu, suna dai kallon ƙofar. Ambrose ya fito ya tarye shi da hannu biyu. Dattijo ne, ya zo Kano tun kafin a haifi samarin nan, Hausa a bakinsa kamar a Fagge aka yanke masa cibiya.

"Malam, ka ga abin da ya same ni. Shagon nan ya ga abubuwa iri-iri, ba wanda ya taɓa jifan gilashina. Yau ga yara a ƙofata. Ni dai in abin ya ƙi, sai in sallame ta, ta je ta yi bayani a can."

"Su wa ke taɓa na'urar?"

"Keziah. Sai Cyprian, ɗan ƙanena, mai yawo da kamara, shi ma yana ɗan taɓawa. Shi ke nan." Ya sosa kai. "Sai Nasidi mai fenti, da yake zuwa da yamma yana koyo, don shi ya yi mini allon ƙofa. Amma shi bar shi, har yanzu ɗan abin hannun nan gudu yake masa."

Keziah tana ƙuryar shagon a gaban kwamfuta. Budurwa ce siririya, 'yar Wusasa, a Kaduna ta koyi aikin. Idonta ya yi ja, amma hannunta bai daina aiki ba. Ta miƙe ta rusuna.

"Ina kwana, Baba."

"Lafiya lau, 'yata. Zauna. Me kike yi?"

Hoton auren wata tsohuwa ne, ruwa ya taɓa shi, ya cinye rabin kumatun amarya. Malam Sallau ya jawo kujera ya zauna a gefenta. Bai taɓa zama kusa da kwamfuta haka ba. Ta nuna masa ɗan abin da take turawa a kan tebur, ta ce sunansa mawus, ya ce shi dai ɓera ya gani da jelarsa. Ta yi murmushi, karo na farko.

"Ka ga wannan ɗan yatsan a jikin gilashin kwamfutar, Baba? Da shi ake gauraya launi. Kamar fenti ne bai bushe ba, ka sa yatsa ka ja. In na ɗora shi a kan duhu na ja zuwa haske, sai ya kwaso duhun ya tafi da shi, yana raguwa yana raguwa. In na ƙara masa ƙarfi ya ja da nisa, in na rage sai ya shafa kawai."

Ta ɗebo launin fata daga ɗaya kumatun ta ɗora a inda ya cinye, sai wurin ya fito da baki-baki kamar faci a riga. Sannan ta ɗauki yatsan ta shiga bin bakin facin, kaɗan-kaɗan, gajere-gajere, kamar kaza tana tsintar gero. Malam Sallau yana kallo facin ya narke, kumatun amarya ya dawo, har da ɗan ramin murmushi.

"Ikon Allah," in ji shi. "Matar nan in ta gani sai ta yi kuka. Wa ya koya miki haƙuri haka?"

"Kakata saƙar tabarma take yi, Baba."

Ya fito da hoton Alhaji daga aljihu ya shimfiɗa. Ta kife shi a kan wata na'ura mai haske, sai ga shi ya fito a gilashin. Ta ƙara masa girma har kafaɗar Alhaji ta cika fuskar kwamfutar. Ta daɗe tana kallo.

"An yanko shi ne daga fastar da na yi, aka ɗora a kan otal. Dubi bakin rigar, inda ta haɗu da jar fitila. Baba, wanda ya yi wannan yana da hannu. Ya sa jan fitilar ya ɗan hau kan shaddar, kamar da gaske a wurin yake zaune. Ni kaina sai na yi tunani kafin in tuna da haka. Amma ba jana ba ne. Nawa gajere ne, wannan dogo ne, yana lanƙwasa." Ta sauke murya. "Sai dai wa zai yarda da wannan a caji ofis?"

"Sauko da shi ƙasa, wajen hannu."

Ta sauko. Malam Sallau ya matso har hularsa ta kusa taɓa gilashin. Shadda tana da furanni a cikin saƙarta, masu fitowa in haske ya bugi yadi, kuma ko'ina a rigar ana ganinsu. Amma ƙarƙashin yatsun Alhaji, zuwa kan cinya, furannin sun ɓace, wurin ya yi sumul.

"Nan an yi shara," in ji shi. "Ɓarawon shanu yakan ja reshe a bayansa ya share kofato. Kofaton ya tafi, amma reshen ya bar nasa. Me aka share a nan?"

Ta buɗe fastar asali ta ajiye kusa da shi. Carbi ne, baƙi, ya zubo daga yatsun Alhaji zuwa cinyarsa.

Keziah ta ce, "Ni ban ma lura ba. To me ya sa za a ɓata lokaci a kan carbi?"

"Ni ma shi nake tambaya. Kada ki gaya wa kowa tukuna."

Suna cikin haka Cyprian ya shigo, kamara a wuya, riga a buɗe, yana fito. Da ya ga abin da ke gilashin sai fiton ya tsaya.

"Kai! Wannan teburin nawa ne. Wato hoton nawa ne. Bikin haihuwar Obinna, a otal ɗin bayan kasuwa. Shi ne a kujerar, aka cire shi aka sa Alhaji."

"Kai ka cire shi?"

"Haba Baba! Duk hotunan da na ɗauka suna cikin na'urar nan, kowa zai iya ɗauka. Jiya kuma tun azahar ina wajen ɗaurin aure a coci, mutum ɗari sun gan ni, har limamin na ɗauka." Ya sake leƙawa, ya kyaɓe baki. "Kuma ni da zan yi, kwalba ɗaya zan sa? Sai na cika teburin, in ɗora masa mace a cinya. Wanda zai kunyata mutum ai ƙarawa yake yi, ba ragewa ba."

Ambrose ya daka masa tsawa. Malam Sallau kuwa ya dubi Cyprian ya gyaɗa kai, kamar wanda aka ba kyauta.

"'Yata, jiya da yamma kina nan?"

"Talata nake zuwa koyon waƙa a coci, Baba. Nakan bar na'urar a kunne saboda masu koyo."

*

A wani ƙaramin masallaci na bakin titi ya yi azahar. Da aka idar ya zauna a inuwa yana jan carbinsa, maganar Cyprian tana yi masa yawo. Gaskiya yaron ya faɗa. Mai son tozarta Alhaji, carbin nan riba ce a gare shi, a ce ga carbi ga giya a hannu ɗaya. Amma wannan ya zauna ya ɓata lokacinsa ya kawar da shi, a kan na'urar da ba tasa ba, yana tsoron a shigo a kama shi.

Wani direba ya zo da buta zai shiga bayan gida. Ya kai ƙofa, sai ya tsaya, ya zaro carbi daga wuyansa ya rataye a ƙusa a waje, sannan ya shiga. Bai ma san ya yi ba, hannunsa ne ya saba.

Malam Sallau ya daɗe yana kallon carbin yana lilo a jikin ƙusa. Sannan ya tuna da babban yatsa yana jan ja cikin ruwan ɗorawa. Bai ji daɗi ba ko kaɗan. Ya tashi ya aika a gaya wa Alhazan biyu su zo shagon Ambrose bayan la'asar, ya biya da kansa ya ce wa Nasidi ana neman duk wanda ya taɓa zama a gaban na'urar.

*

Shagon ya cika. Alhaji Sammani ya zauna a kujerar da ake ɗaukar hoto, Alhaji Inusa a gefensa, Ambrose a tsaye a bakin ƙofa, samarin sun leƙo ta taga. Hadari ya sake haɗowa, har sai da aka kunna fitila.

Malam Sallau ya ce, "Ni ban iya na'urar nan ba, sawu na iya. Kuma ba na gane sawun mutum sai na ga tafiyarsa. Don haka mutum ukun nan, Keziah da Cyprian da Nasidi, kowa zai zauna ya ɗauki kwalbar nan ya ajiye ta a jikin hannun Alhaji, a kan teburin da ya dafa a fastar asali, muna kallo."

"A sake wulaƙanta ni a gabana?" in ji Alhaji Sammani.

"A cikin gilashi ne kawai, Alhaji, ba za a buga ba."

"Ka bari mana, Sammani," in ji Alhaji Inusa. "Ai ta yi maka kyau."

Keziah ta fara. Kafin a ce me, ta yanko kwalbar ta ajiye, ta bi gefenta da tsintar kazar nan tata, har ta yi mata inuwa a kan tebur. Samarin taga suka yi gunaguni, ɗaya ya ce, "Kun gani ko!" Alhaji Sammani ya dubi Malam Sallau. Shi kuwa ya ce a mayar da hoton yadda yake.

Cyprian ya zauna ya yi nasa, kwalbar ta fito ta fi kan Alhaji girma, tana shawagi a iska. Aka yi dariya, har da Ambrose.

Sai Nasidi. Ya goge hannunsa a riga ya zauna a bakin kujera.

"Baba, ni fa koyo nake."

"Yi yadda ka iya."

Ya kama mawus yana ta kai shi nan da can kamar yana ƙwace masa. Da ƙyar ya jawo kwalbar, ya ajiye ta can ƙarshen tebur, a karkace.

"Matso da ita," in ji Malam Sallau. "Jikin hannun."

Ya matso da ita kaɗan.

"Har ta taɓa yatsunsa."

Kwalbar ta taho, ta taho, saura kaɗan ta taɓa, sai ta tsaya. Nasidi ya ce, a hankali, kamar da kansa yake magana, "Bari in kawar da carbin tukuna."

Hannun da yake ta kame-kame ɗazu ya tafi kai tsaye ya ɗauko ɗan yatsan. Ya ɗora shi a kan shuɗin rigar, ya ja, dogon ja mai lanƙwasa. Ya sake ja. Shuɗi ya malalo ya rufe 'ya'yan carbin ɗaya bayan ɗaya, sumul, ko tabo babu. Ko wanda bai san aikin ba ya san ya ga gwaninta.

Malam Sallau ya ce, "'Yata, kawo na bango, ki ajiye su kafaɗa da kafaɗa, ki ƙara musu girma."

Ta yi. A duka biyun babu carbi, a duka biyun furannin shadda sun ɓace a wuri ɗaya, kuma jan ya kwanta iri ɗaya, kamar lauje a kan lauje.

"Ku duba da kyau," in ji Malam Sallau. "Keziah ta bar carbin, Cyprian ya bar shi, don ba a ce su cire ba. Wanda ya yi na bango kuwa ya iya yi wa Alhaji ƙarya, amma ya kasa haɗa abin ambaton Allah da giya, ko a hoto. Da safe ba wanda ya lura carbin ya tafi, har mai carbin."

Nasidi ya saki mawus. Bai ɗago kai ba.

"Ni ne."

Alhaji Sammani ya miƙe tsaye. "Kai? Me na yi maka?"

"Tutar zaɓe, Alhaji. Ni ka fara ba aikin. Na zana ka da hannuna a kan yadi, na kawo maka layi. Ka ɗaga ta a gaban kowa ka ce, wannan ni ne ko bunsuru? Ka ce zamanin fenti ya wuce. Tun ranar yara suke bin rumfata suna kukan akuya, har 'yata ta dawo daga makaranta tana kuka." Ya murza fentin da ke babban yatsansa. "Na ce bari kai ma a yi maka dariya ta yini ɗaya. Wallahi ban kawo za a ce ita ce ba. Ita ta koya mini, ba ta taɓa gajiya da ni ba. Tun safe nake so in zo in faɗa, ƙafata ta ƙi."

"A kira 'yan sanda!" in ji ɗaya daga samarin.

"Kai, rufe mana baki," in ji Alhaji Inusa. Ya kama hannun rigar abokin takararsa. "Sammani, ina wurin ranar. Maganar bunsurun nan ba ta yi daɗi ba, ni ma na yi dariya, Allah ya yafe mana."

Malam Sallau ya ce, "Laifi ya yi, Alhaji, babba kuwa, kuma hakkinka ne. Ni dai abin da na gani a sawun na faɗa. Mutumin da hannunsa ya tsaya a kan carbi, akwai sauran abin kirki a jikinsa."

Alhaji Sammani ya daɗe a tsaye yana huci. Ya dubi gilashin, ya dubi carbin da ke hannunsa. Daga ƙarshe ya ce, "Tashi. Kafin a rufe kasuwa za ka tsaya a bakin layi, inda ka manna, ka faɗa da bakinka kowa ya ji. In ka yi haka na bar ka da Allah."

Ya juya zai fita, sai ya ga Keziah a tsaye jikin bango. Ya yi gyaran murya, ya gyara hula, ya sake gyaran murya.

"'Yata, na ɗauki alhakinki. Ki yafe mini."

"Ba komai, Alhaji, ya wuce." Ta dubi cikinsa. "Amma tumbin dai ba zan rage ba."

Alhaji Inusa ya yi dariya har da dafa bango. Alhaji Sammani ya nuna ta da yatsa, shi ma ya yi dariya ya fita. Samarin suka tayar da baburansu, aka sa Nasidi a tsakiya aka nufi Kwari.

Ambrose ya sauke ajiyar zuciya ya ce daga yau ba mai sake koyon komai a shagonsa. Keziah ta koma kujerarta, amma ba ta rufe hoton ba, tana ta kallon inda jan fitila ya hau kan shadda.

"Oga, in ƙura ta kwanta ka bar shi ya dawo," in ji ta. "Hotunan tsofaffin nan sun fi ƙarfin hannu ɗaya, kuma irin wannan hannun ba kullum ake samu ba."

"Mutumin da ya kusa sa a rufe ki?"

"Shi. Amma ranar Talata zan riƙa kashe na'urar."

Ambrose ya yi tsaki, bai ce eh ba, bai ce a'a ba. Ta buɗe hoton amarya ta ci gaba da tsintarta. Malam Sallau ya ɗan ƙara kallo kaɗan, sannan ya ɗauki sandarsa.

*

Yana shiga Fagge iska ta taso, yayyafi ya fara sauka. Rumfar Nasidi ba kowa. Allon gidan abincin yana jingine a waje yadda ya bar shi, fentin bai bushe ba, ɗigo biyu har sun faɗa a kan faɗuwar ranar. Gwangwanayen fenti duk a buɗe.

Malam Sallau ya jingine sandarsa. Ya cicciɓi allon da ƙyar, yana kiyaye kada yatsansa ya taɓa launin, ya shigar da shi can cikin rumfa, ya juya fuskarsa ga bango. Ya bi gwangwanayen ya rufe. A ƙarƙashin benci ya ga wani yadi a naɗe, ya warware don ya lulluɓe kayan, sai ga fuskar Alhaji Sammani tana kallonsa, da tumbin da komai. Ya tsaya ya duba da kyau. A ganinsa dai ta yi kama.

Ya lulluɓe kayan, ya danne gefen yadin da dutse, ya ɗauki sandarsa ya kama hanyar gida, don akuyoyi suna waje.